Karyar da Inna Delu Ta Bari a Gida

Gidanmu na unguwar Longsight, a Manchester, ba shi da murhu. Wata tsohuwar wutar gas ce a jikin bangon falo, sai an murɗa ta sau uku take kamawa. A gabanta kakata, Inna Delu, take shimfiɗa buzunta bayan magariba, wadda a lokacin sanyi ba ta wuce ƙarfe huɗu. Ni da ƙanena Bashir mu yar da jakunkunan makaranta mu zauna a gefenta.

Ina da shekara tara ta zo. Babana, wanda likita ne, ya ɗauko ta don a yi mata aikin ido. Wata uku ya ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kira na.

Mahaifinta mafarauci ne a wani ƙauye arewa da Daura. Bai haifi namiji ba, sai ya koya mata abin da ya sani: yadda ake ɗauko ɗan shaho daga sheƙa, a ɗinka masa 'yar hular fata mai rufe ido, a saba masa da hannu har ya riƙa dawowa da kansa. Tabon farata yana nan a wuyan hannunta na hagu. Da ta yi aure ta bar shaho, amma karnuka ba ta taɓa rabuwa da su ba. Shekara hamsin tana zaɓen wadda za ta haɗa da wane, duk daga tsatson karyar mahaifinta. Mutane sun yi ta tsegumi, wai mace mai sallah da karnuka.

"Ba a ɗakina suke kwana ba," in ji ta. "Kuma ruwan wanke hannu bai ƙare a duniya ba."

Ta ƙarshensu ita ce Tsinke, doguwa, siririya, ja. Ta bar ta wurin wani maƙwabci, Malam Tanko, kafin ta dawo.

In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata ta taho daga nesa, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo." Wadda muka fi so ita ce ta maharbi mai shaho da karya. Tafiya ta kama shi zuwa hayin wani babban kogi, mai kwalekwale ya ce ba ya ɗaukar dabba. Sai ya cire wa shaho hula ya sake shi, ya ce wa karyar, "Jira ni nan." Ta kwanta a bakin ruwa. Kullum shaho ya kamo fakara ya jefo mata. Damina bakwai suna haka, rannan sai ga maharbi ya dawo, ya same su duk da rai, suka tafi gida.

Wata uku ya zama shekara biyu. Bayan ido sai hawan jini, bayan hawan jini sai GP, wato likitan unguwa, ya ce ƙoda. Duk sanda Baba ya yi waya gida, tambayarta ɗaya ce: "Ya Tsinke? Tana cin abinci?"

Wata ƙaramar sallah muka tafi Birmingham gidan Baffa Sani, yayan Baba. Na shiga kicin ɗaukar faranti, sai na ji Baffa yana gaya wa Baba cewa karyar ta mutu tun kafin azumi. Tana ƙin abinci, tana tsinke igiya ta koma ƙofar gidan Inna ta kwanta, har aka wayi gari aka same ta a can. Suka juyo suka gan ni. Baba ya riƙe kafaɗata.

"Ummi, kada ki kuskura ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Promise?"

Na ce na yi alkawari.

Bayan mun dawo Manchester da kwana biyu, Baba ya yi waya gida ya fita aiki. Inna ta kira ni.

"Takwara, kin ji abin da suka ce? Tana nan?"

"Tana nan lafiya, Inna. Har ta yi ƙiba."

Ta daɗe tana kallona da idon nan nata da aka gyara. Sannan ta ce in kunna wuta, in kira Bashir.

Tatsuniyar maharbi ta ɗauko, amma da aka je bakin kogi sai hanya ta sauya. Maharbi ya gama abin da ya kai shi, ya zo komawa, mai kwalekwale ya ce sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai gobe. Har kansa ya yi fari. Karyar kuwa ta daina taɓa naman da shaho yake kawowa, ta mutu a inda aka ce ta jira. Shaho ya tsallaka don ya kai labari. Da ya ga tsohon a zaune yana kallon ruwa, sai ya yi ta kewaya sama, ya kasa faɗa masa. Daga ƙarshe ya sauka a hannunsa ya ce, "Tana nan lafiya."

"That's not how it goes, Inna," in ji Bashir, wai ba haka labarin yake ba.

Ni kuwa na ce, "To shahon ya yi laifi?"

"Wane laifi? Tsuntsu ne ƙarami, aka ɗora masa kayan jaki. Shi maharbin tun daga yadda ya ga tashinsa ya gane. Ya dai shafa bayansa ya ce ya gode." Ta ja zanenta ta rufe ƙafa. "Ta ƙare. Ku tashi ku yi sallah."

Daga ranar ba ta sake tambayar Tsinke ba, ba ta kuma sake tambayar yaushe za a mai da ita gida ba. Shekara uku bayan haka ta rasu a Birmingham, inda ta je hutu wurin Baffa. A can aka binne ta.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin tuhuma, ina jin kamar ta kama ni ne da ƙarya ta faɗa mini a fakaice. Sai da na girma na ga ba haka ba ne. Matar da ke gane yunwar shaho daga kwanciyar gashinsa, fuskar 'yar shekara goma sha ɗaya ba za ta ɓuya mata ba. A yinin da ta san ta rasa abin da ta yi shekara hamsin tana reno, ba ta samu wanda za ta yi kuka a gabansa ba. Abin da ta fara yi shi ne ta sauke mini nawa kayan.

Ranar sadakar uku, Baba ya zaunar da ni a mota, idonsa ja wur. Ya ce abu ɗaya ke sanyaya masa rai, shi ne ta tafi ba ta san labarin karyar nan ba.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Yau ya haura saba'in, kuma har yanzu haka ya sani.