Tambarin da Orval Bai Goge Ba

Orval Tackett ya gaji kantin kayan masarufi daga mahaifinsa a wani ƙaramin gari na jihar Arkansas a Amurka. Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa, kuma ita ta cuce shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu wani babban kamfani ya buɗe kanti daura da nasa. Gwangwanin madarar da Orval ke sarowa daga masana'anta, su suna sayar da shi ƙasa da yadda ya saro. Ya tare Lyle, dillalin masana'antar, wanda cocinsu ɗaya.

"Ɗan'uwa Lyle, saniyar tasu daban ce?"

"Haba Orval! Su tarago guda suke ɗauka, kai kwali uku. Ka bar ni in ci abinci."

Akwai dokar da ta hana masana'anta fifita babban ɗan kasuwa a kan ƙarami ba tare da hujja ba. Wani lauya ya ce zai shigar da ƙara idan Orval zai ba da shaida. Orval ya ƙi. Lyle na cikin waɗanda suka ɗauki makarar ɗan Orval ranar da ya rasu, don haka ba zai iya nuna shi da yatsa gaban alƙali ba.

Sai ya ɓullo da dabara mai ban tausayi. Ranar Alhamis yakan tuƙa a-kori-kurarsa zuwa reshen kamfanin da ke wani gari mai nisa, ya saro kaya daga kantarsu. Shi da matarsa Dessie su goge tambarin farashin da tsumma da kananzir, su jera. Da haka kantin yake numfashi, da kuma tsofaffin da suka ƙi juya masa baya.

Babbarsu Misis Hulda, gwauruwa mai ciwon gwiwa, wadda ke cewa ko kyauta ne ba za ta taka wancan kanti ba. Wata safiya ta dawo da gwangwani, ta kifa shi a gabansa. Shuɗin tambarin kamfanin na nan a gindinsa.

"Madarar ta lalace ne, Misis Hulda?" in ji Orval.

"Lafiyarta lau, ɗana." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. "Shekara da shekaru ina wuce ƙofarsu, ina biyan tsada saboda kai. Ashe kai kana shiga."