Labulen Baba Isuhu

Ranar da jiri ya kwashe ni a gaban injina tana nan daram a raina, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah. Ku sababbin ɗauka kuna yawan tambaya me ya sa ake rabon abinci a bayan labule a kamfanin nan, sai ka ce ɗakin amarya. To yau ku zauna ku ji, don ni ne sanadi.

Ni ofareta ne a sashen saƙa, wato mai tsayawa a kan injin da ke haɗa siraran bututun roba da zare ya fito da tabarma. Sama da ni akwai sufabaiza, sama da shi akwai manajan sashe. A wancan lokacin ba a tabbatar da ni ba tukuna, ina cikin waɗanda ranar da suka yi aiki ita ake biya. Wanda bai taɓa aiki a masana'antun Sharada ba gani yake tsayuwa ce kawai. Ba haka ba ne. Idonka na kan zare, kunnenka na kan ƙarar inji, ka yi gyangyaɗi kaɗan ka tashi ba yatsa.

Tun kafin in zo, al'adar shiftinmu ita ce ciyayya. In an tashi hutun azahar kowa ya kawo kwanonsa, a juye a babban faranti, a kewaye a ci. Mai juyewa kullum Baba Isuhu ne, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke yankan bakin tabarma, wanda ya girmi kowa a sashen har da manaja. Tuwon wani ya haɗu da miyar wani, shinkafa ta hau ɗanwake. Da an cakuɗa, babu mai sanin wa ya kawo me.

Sai korona ta zo. A zuwan farko, lokacin kulle, na rasa yayana. Matarsa da 'ya'yansa suka dawo gidana a Zawaciki, muka haɗu da nawa. Da aka buɗe gari muka ce alhamdu lillahi, an wuce wurin, har takunkumin fuska ya koma abin goge gumi. Ƙarshen shekarar 2020 sai ga rediyo na cewa abin ya dawo. Gabana ya faɗi, wallahi. In waya ta yi ƙara da sassafe sai na yi addu'a kafin in ɗauka. In yaro ya yi tari a gida, ni da Hajara matata mu kalli juna. Kasuwa ta ja baya, aka rage mana ranakun aiki, ga bakuna sun ninku. Abin da nake zuwa da shi ciyayya ya koma garin kwaki da ɗan ƙuli, wata rana ma yaji da albasa ne kawai. Baba Isuhu zai buɗe, ya juye cikin sauri, ya ce "Bismillah," in ci in ƙoshi kamar kowa.

Farkon 2021 manaja ya tara mu a fili, kowa nesa da kowa. Ya ce daga yau mai gadi zai riƙa auna zafin goshi a ƙofa da na'urar nan da muke kira bindiga. Babu musabaha, a masallaci a bar tazara, kowa da butarsa. Wanda ya nuna alamar ciwo a mai da shi gida sai ya kawo sakamakon gwaji, kuma ana iya dakatar da waɗanda suke kusa da shi. Daga ƙarshe ya ce, "Ciyayya kuma an hana. Kowa ya ci nasa a kwanonsa."

Dokar ba ta da laifi, gaskiya ce. Amma ni ta tsaya mini a wuya. Ku da kuka san ni kun san halina, ba na son a ji tausayina, gara a zage ni. Ta yaya magidanci kamar ni zai zauna a fili, ya buɗe kwano kowa na gani, a tarar da albasa? Washegari na ce wa Hajara ta bar wa yara rabona, wai kamfani ya fara ba mu abinci. Da asuba na sha ruwa na ɗaura niyyar azumi, na ce tunda yunwar dole ce, bari in sami lada.

Litinin da Alhamis babu wanda ya ce komai. Da abin ya zarce zuwa Talata da Laraba, sai Ɗanladi, wanda injinsa ke kusa da nawa, ya sa ni gaba.

"Malam Habu, wai sata ka yi ne kake kaffara? Faɗa mana mu taya ka."

"Kai dai ci tuwonka," na ce. "Ranar hisabi za ka zo neman aro."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Baba Isuhu ne kaɗai bai yi ba. Ya dube ni ta saman takunkumi, ya mai da kansa ga kwanonsa.

Azumin nafila na mai sahur da buɗa-baki daban, na wanda da daddare ma loma kaɗan yake yi ya tsame hannu don yara daban. A hankali ƙafafuna suka fara rawa in rana ta take. Ranar da abin ya faru, ana dab da tashi hutu, na sunkuya zan gyara zare sai na ga injin ya rabu biyu. Allah ya taimake ni na ja da baya kafin in zube. Ɗanladi ne ya kashe injin yana salati.

Da na buɗe ido, abin da na fara gani shi ne mutane sun yi da'ira, amma daga nesa. Mutanen da muka shekara muna sa hannu a faranti ɗaya, kowa ya ja takunkumi har ido. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da yara a gida. Na ji wani yana cewa, "Shi ke nan, ta shigo, za a kore mu duka." Manaja ya iso da ma'aikaciyar jinyar kamfani. Ta ɗora mini bindiga a goshi, ta ce babu zafi. Ta tambaye ni tari, na ce babu. Manaja ya ce, "Duk da haka mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Habu, ka gaya mini gaskiya, me ke damunka? In ba haka ba dole in tura ka gida, kai da na kusa da kai."

Kalma ɗaya ce za ta fitar da ni, in ce yunwa. Na buɗe baki ta ƙi fitowa. Idan aka mai da ni gida, gidana babu abin ɗorawa a wuta, kuma na jawo wa Ɗanladi da bai ji ba bai gani ba. Na san duk wannan, amma harshena ya yi nauyi.

Sai Baba Isuhu ya ratso da'irar, ya durƙusa kusa da ni da gorar kununsa.

"Sha," ya ce.

"Baba, ina azumi."

"Mi? Allah bai ce ka kashe kanka ba. Sha, ka rama wata rana."

Na sha. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko ina jin ƙamshi, don cutar tana ɗauke shi. Na ce, "Hajiya, daga nan ina jin daddawar da ke cikin kwanon Ɗanladi." Ita kanta sai da ta yi dariya.

Baba ya miƙe ya fuskanci manaja. "Yallaɓai, azumi ne ya kada shi."

"Azumin me a wannan watan, Baba?"

"To, ni dai ban sani ba. Amma tun ranar da kuka hana ciyayya, waliyyai sun yi yawa a sashen nan."

 Manaja ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ina jiran tambaya ta gaba, wadda za ta tona ni, amma bai yi ta ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan. Cewa ya yi, "Baba, dokar ba tawa ba ce, kuma ba zan janye ta ba. Hannu goma a faranti ɗaya ba zai yiwu ba yanzu."

"Ba sai an janye ba," in ji Baba. "A ba ni tebur da ludayi. Kowa ya kawo kwanonsa a rufe da safe. Ni kaɗai zan wanke hannu, in sa takunkumi, in haɗa, in zuba wa kowa a nasa. Kowa ya ɗauka ya je nesa ya ci."

Manaja ya kalli ma'aikaciyar jinya, ta ce in dai mutum ɗaya ne kuma da ludayi, ba ta ga matsala ba. Baba ya ƙara da cewa a sa masa labule, wai don kada a yi wa abincin numfashi. Aka ɗauko tabarmar da ta lalace a saƙa aka rataya. Manaja ya ce, "Gobe a sa da nawa kwanon."

Da za mu tashi Baba ya bi ni har bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, yana gyara sarƙar kekensa ya ce, "Gobe ka zo da kwano. Ko mi ke ciki, ko babu komi, ka dai rufe shi."

Washegari na ajiye kwanon samirata a kan tebur, babu komai a ciki sai murfi. Da azahar na ɗauka, sai da na sa hannu biyu. Na je gindin katanga na buɗe: shinkafa da wake, ɗan tuwo a gefe, har da tsokar nama wadda na tabbata daga gidan manaja ta fito. Na juya wa mutane baya na ci ina hawaye. Rabin na rufe na kai wa yara, na kuma gaya wa Hajara gaskiya. Ta ce ai ta sani tuntuni, kamfanin da ke ba da abinci ba ya mai da mutum kamar sanda.

Cutar ta lafa, aiki ya dawo, aka tabbatar da ni. Aka ce ana iya komawa faranti, amma mutane suka ce a bar labulen. Da Baba Isuhu ya ajiye aiki zai koma Maraɗi, sai ya kira ni ya damƙa mini ludayin. Na ce, "Baba, akwai waɗanda suka girme ni." Ya ce, "Akwai. Amma kai ka san nauyin kwano."

Ranar da na fara shiga bayan labulen nan na soma ɗaga murafe, sai da na nemi wuri na zauna. Duk tsawon lokacin nan ina zaton ni kaɗai ne. Ashe ba ni kaɗai ba ne, kuma cikin masu kwanon da babu komai har da wanda ya fi kowa barkwanci da ƙarar dariya a lokacin hutu. Na gane kwanukan sarai. Ban taɓa faɗar sunan kowa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Abin da na koya ke nan a aikin kamfani. Inji kowa zai iya koya a wata biyu, amma mutumin da ke tsaye kusa da kai yana iya shekara da yunwa yana ba ka dariya. Saboda haka gobe kowa ya zo da kwanonsa a rufe, ya ajiye ya tafi bakin aikinsa. Abin da ke ciki, tsakanina da Allah ne.