Ƙofar da Ta Ƙi Dagoberto

Dagoberto Cantillo maƙwabcina ne tun ina amarya, ga shi yanzu har na ga jikoki. Walda ce sana'arsa, amma a unguwarmu da igiya aka san shi. Duk sanda ruwan sama ya mai da titinmu kogi, kamar yadda ya saba yi mana a nan Barranquilla ta ƙasar Kolombiya, shi ne ke ɗaura igiya a ƙugu, samari su riƙe ɗaya bakin, ya faɗa ya tari motar da ruwa ya kwaso. Ya fizge ƙofa, ya jawo mutum waje. Ba ya karɓar komai, sai dai cika baki, wannan kam Allah ya hore masa. Yakan ce ba a ƙera ƙofar da za ta ƙi shi ba.

Ashe an ƙera ta. Wata damina ruwa ya kawo wata farar mota sabuwa fil, irin masu kulle kansu da zarar an tashi. Ta tokare da mangwaron ƙofar gidana, da mace ɗaya a ciki. Dagoberto ya isa da wuri, ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Ya ja ƙofa, shiru. Matar ta ja daga ciki, shiru. Ruwa ya riga ya kashe lantarkin motar, ƙofa da gilashi duk sun mutu a kulle. Ina tsaye a baranda ya yi ta dukan gilashin har yatsunsa suka karye, ita kuma ta kafa tafukanta daga ciki tana kallonsa. Sai ruwa ya juya motar ya wuce da ita. Washegari aka samu motar a bakin kogi, gawar matar a ciki, ƙofofin a kulle tsaf.

Daga ranar cika baki ya ƙare. Ya koma ƙera ƙananan gudumomi masu tsinin baki, na fasa gilashi, yana tsayawa a mararraba yana miƙa wa direbobi kyauta. Wa zai karɓa? A garin nan in mutum ya tunkaro motarka da ƙarfe a hannu, ba ka tsayawa tambayar lafiya. Suna hango shi sai su ƙara danna makulli. Ban ga laifinsu ba, ɓarawo kullum ne, ruwa kuwa sai damina. Amma ina jin tausayinsa in ya dawo da buhunsa yadda ya fita da shi.

Abin da ya fi cin ransa ɗansa ne, Wilfrido, tilo, wanda ya samu tasi irin mai kulle kanta. Uban ya ƙera masa guduma ta musamman, ya ɗaure ta da hannunsa kusa da sitiyari.

"Tsoho, ni tasi nake ja ko kwalekwale?" in ji Wilfrido.

"Rufe min baki. Rantse ba za ka cire ta ba."

Ya rantse da kabarin uwarsa. Ba a jima ba ya zo mini da ƙorafi. Wai fasinja na shiga, ƙofa ta kulle kanta, idonsa ya faɗa kan guduma, sai ya ce a sauke shi nan take. Wata tsohuwa har ta miƙo masa jakarta tana addu'a. 'Yan uwansa direbobi kuma sun sa masa suna ɗan fashi. Na ce to ya tura ta ƙarƙashin kujera inda hannunsa zai kai. Ya ce to, irin to ɗin yaran zamani.

Ran Laraba da azahar hadari ya haɗo. Dagoberto ya leƙa gidan ɗan nasa da ke nan kusa da mu, ya tarar da surukarsa Yuranis tana fasa kwakwar dafa shinkafa da gudumar. Har tana yaba masa, wai abin nan akwai daɗin aiki, Wilfrido ne ya kawo mata tuntuni. Ya karɓa ya fito, ya kira wayar ɗansa, ba a ɗauka ba. Ruwa ya kece.

Sai ga shi da tsohuwar igiyarsa, yana jan gwiwoyin da suka daina ɗaukarsa. Samarin yanzu suna can ƙarƙashin rumfa, kowa ya ɗaga waya yana jiran abin ɗauka. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Riƙe mini, maƙwabciya."

Ni da ko bokitin ruwa ba na iya ɗagawa. Na riƙe. Muka tsaya a bakin titi, mu biyu tsofaffi, muna duban kowace rawayar mota mai launin tasi da ta ɓullo, har ruwan ya janye.

Wilfrido ya dawo da yamma a bushe, yana yi mana dariya. Uban ya damƙa masa gudumar a hannu, Wilfrido ya ce to. Damina yanzu ta fara. Yau da safe, bayan tasin ta fita, na ji ana fasa kwakwa a gidansu.