Gezar Jakar Inna

Saƙon Baba ya same ni ranar kasuwa, ta bakin yayana da ya kawo gyaɗa Birnin Kudu. A tsaye ya faɗa mini, a bakin zauren Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda nake zaune a wurinta tun da na gama sakandare aka ba ni koyarwa a firamare.

"Baba ya ce ki kai masa jakar Inna. Jikin nasa dai sai a hankali. Kada ki bari ya wuce Juma'a ta sama."

Na ce to. Ban tambayi abin da zai yi da ita ba. Mutumin da yanar ido ta makantar da shi shekara huɗu, me zai yi da jakar mace in ban da ya riƙe ta a hannu?

Jakar ta jar fata ce, aikin dukawa, mai marfi da maratayi, da geza a gindinta, wato siraran igiyoyin fatar nan masu reto. Baba ne ya saya wa Inna ita a kakar farko bayan aurensu, can ƙauyenmu na wajen Kwandiko, tun Turawa na mulki. Ta girme ni, ta girmi yayana. A ciki Inna take ajiye goro da kanumfari da allura. Lokacin da ta rasu ina makarantar kwana, sai bayan an yi sadakar bakwai aka zo aka ɗauke ni. Ranar da zan koma Baba ya miƙo mini jakar ya ce, "Uwata, tafi da ita, ƙanshinta ba ya barina in yi barci." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na sa ta a ƙasan adaka, na rufe. Damina biyu ban iya dubanta ba.

Da yayana ya tafi na ja adakar na buɗe, sai wani wari ya buge ni. Ashe kwanon ɗakin yana yoyo daidai kusurwar nan. Fumfuna ta lulluɓe jakar, fara da kore, har ba a gane ja ce. Na zauna dirshan a ƙasa. Abin da ya cika mini kai shi ne kunya: a ba ni amanar abu ɗaya tak, in mayar da shi haka? Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa wanda zan kai wa ba gani yake yi ba.

Gwaggo tana shirin tafiya biki Gwaram, kwana biyar za ta yi. Ta leƙo tana ɗaura kallabi, ta toshe hanci.

"Ke, fitar da abin nan waje! Ga jakunkuna nan na roba masu ƙyalli sun cika kasuwa tun da kuɗin mai ya shigo, ki saya wa tsohon ɗaya mana, ke da kike ɗaukar albashi."

Wasa take yi, na sani. Ta fita tana dariya. Da ta ƙara ko da yini ɗaya ne a gida, da ban zauna rubuta wannan ba.

A makaranta an koya mana wanki da guga da goge tabo, kuma ni ce nake zuwa ta ɗaya a darasin. Washegari da hantsi na ɗora ruwa ya yi zafi, na zuba garin sabulun kanti a baho, na tsoma jakar, na sa buroshi. Ruwan ya koma ja kamar na wankin naman layya. Na zubar na sake wani. A bakin marfin akwai wani wuri da ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, inda babban yatsan Inna yake kamawa in za ta buɗe. Na ɗauka dauɗa ce, na dirje shi sai da ya fita tas.

Sai na zo kan gezar. Wasu daga cikin igiyoyin duk sun ƙulle, wannan a sama, wancan a ƙasa, ƙullin ya yi tauri kamar ƙwallon magarya. Na gwada da farce, na gwada da allura, har da haƙori, suka ƙi. Na ce a raina tsufa ne ya cukurkuɗa su. Na ɗauko rula da almakashi, na shimfiɗa gezar a kan benci, na daidaita, na yanke ta layi ɗaya daga saman ƙullin da ya fi tsawo. Har daɗi na ji yadda ta yi daidai. Guntayen na haɗa da shara na kai bola. Jakar kuwa na rataye ta a igiyar shanya, a tsakiyar rana, don ƙwayoyin cuta su mutu.

Kafin la'asar ta ƙandare kamar ganda. Ta motse, jan ya koɗe, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙwarya. Da na yi ƙoƙarin buɗe marfin sai na ji ƙas, ya tsage kaɗan a gefe.

Na naɗe ta a zane na nufi rumfar wani tsohon baduku a bakin kasuwa. Ya juya ta a hannu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Subhanallahi! Wa ya yi wa baiwar Allah wankan gawa?"

Na ce ni ce.

"Malama, fata ai ba zane ba ce. Akuya da ranta ma ba ta son ruwa, balle bayan ta mutu. Abin da ake koya muku ke nan a bokon?"

Maƙwabtan rumfarsa suka kwashe da dariya, ni kuwa hawaye ya fara zubo mini. Da ya gani sai ya sassauta. Ya ce fumfuna busasshen tsumma da inuwa kawai take so, amma aikin gama ya gama. Ya ce in jiƙa karan dafi da 'yar kanwa in shafa da auduga, jan zai dawo. In ya sha iska, in riƙa lakatar man shanu kaɗan kaɗan ina murzawa da tafin hannu, a inuwa, safe da yamma, kada in yi gaggawa. In na gama in rataye ta nesa da bango saboda ɓeraye da kiyashi. Har na miƙe sai ya kama gezar.

"Wannan kuma wa ya yi mata aski?"

"Ta cukurkuɗe ne, Baba."

Ya miƙo mini jakar. Sai ya ce, "To. Gashi dai yakan tsiro. Wannan ba ya tsirowa."

Kwana huɗu ina murza. In na dawo daga makaranta ko abinci ba na tsayawa ci. Tafin hannuna ya yi ja, ya yi kanta. A hankali fatar ta fara saki, ta yi laushi, har marfin ya koma lanƙwasuwa. Ƙanshin Inna dai ya tafi, sai ƙarnin man shanu, don haka na daka kanumfari na barbaɗa a ciki. Ranar Alhamis na riƙe ta a haske na ce ko sabuwa albarka.

A ranar Gwaggo ta dawo. Ko ƙullin kayanta ba ta sauke ba na nuna mata, ina jiran yabo. Ta karɓa tana murmushi, idonta ya sauka kan gezar, sai murmushin ya ɗauke.

"Ina ƙulle-ƙullen?"

"Na yanke su, Gwaggo."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar nan kin kashe ni! Ba ki san mene ne ba?"

Ban sani ba. Tun ina shekara tara nake yawon makaranta, hutu kawai ke kai ni gida, kuma Inna ba mai magana ba ce. Gwaggo ta zauna a kan turmi ta faɗa mini. Duk haihuwar da Inna ta yi, ranar da ta fara fita tsakar gida sai ta ƙulla igiya ɗaya a gezar. Mu biyu muka rayu, ni da yayana. Sauran suna maƙabartar bayan gari, inda ciyawa ta shafe komai tun tuni. Tun da idon Baba ya rufe, in abin ya taso masa sai ya ce Inna ta miƙo jakar, ya riƙa bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu yana yi musu addu'a.

Na ruga bola ko mayafi babu. An riga an cinna mata wuta kwana biyu da suka wuce. Na tona tokar da hannu, kaji suna taya ni, har Gwaggo ta zo ta janye ni.

Ita ta kawo shawarar, amma ni na yarda, ba zan ɗora mata ba. Ta ce, "Idonsa ba ya gani, hannu ne kawai. Ƙulli ai ƙulli ne. Kada ki kai wa mara lafiya abin da zai ƙarasa shi." Ta ƙirga da yatsunta, tana kiran suna tana naɗe yatsa, ta koma ta sake, ta ce shida. Na ƙulla shida a 'yar gezar da ta rage, muka ja su da ƙarfi, muka shafa musu mai da baƙin tukunya don su yi kamar sun daɗe.

Ranar Juma'a na shiga motar katako. Duk tsawon hanya jakar tana kan cinyata, ina maimaita abin da zan ce.

Na tarar da shi kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Da jin sallamata ya yunƙura ya zauna.

"Uwata ce? Maraba, maraba. Kin zo da ita?"

Na durƙusa na sa masa a hannu. Ya kai ta hanci ya daɗe. Babban yatsansa ya bi bakin marfin yana neman wurin nan mai santsi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Sannan hannunsa ya gangara kan gezar. Ina kallon leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe sai yatsunsa suka ci gaba da lalube a iska, inda tsawon gezar yake kaiwa a da. Ya dawo farko ya sake bi.

"Shida," ya ce.

Na ce, "Na'am, Baba."

"Bakwai ne."

Ya ce akwai wata tsakanina da yayana, mace, kwana uku ta yi a duniya, ba ta kai suna ba. A lokacin Gwaggo tana aure a nesa, ba a aika mata ba. "Innarki ba ta ƙara ambatonta ba, ni ma haka. A nan kaɗai take." Ya murza ƙulli ɗaya tsakanin yatsunsa. "Kuma innarki bahaguwa ce. An dake ta har ta koyi ci da dama, amma ƙulli da hagu take yi. Wannan na mai dama ne."

Nan na fashe da kuka na faɗa masa komai, yoyon kwano da fumfuna da ruwan zafi da almakashi. Sunan Gwaggo kawai na ɓoye. Ya saurara har na gama, fuskarsa tana fuskantar wani wuri gefen kafaɗata.

"Da kin kawo mini ita da fumfunarta," ya ce. "Wanki ba laifi ba ne, yankan ma rashin sani ne. Amma wa ya koya miki ki yi wa makaho ƙarya da hannunki?"

Ya miƙo jakar, ba daidai inda nake ba, sai da na matsa na karɓa.

"Ungo, Malama. Allah ya kiyaye hanya."

Tun da nake zuwa hutu ban taɓa barin gidan nan ba sai ya dafa kaina ya sa mini albarka. Ranar na durƙusa ina jira har ƙafata ta yi sanyi. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Wata uku ke nan. Na koma sau biyu. Yana amsa gaisuwa, yana tambayar aiki da Gwaggo, kuma Malama yake ce mini. Na roƙi gafara, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ja bargo. Yayana ya ce in yi haƙuri, tsufa ne da ciwo, zai huce. Amma kunu ma yanzu sai an matsa masa yake shan rabin ludayi, kuma ni na san lokacin da zai huce ya fi wanda ya rage masa yawa.

Jakar tana rataye a ɗakina, a igiya, nesa da bango. Duk mako sai na shafa mata man shanu, don badukun ya ce in na bari za ta sake ƙandarewa. Ƙullin nan shida suna nan. Na sha ɗauko allura in kwance su, in fasa. Na taɓa gwada ƙulla na bakwai da hagu, hannuna ya ƙi. In ina cikin aji na ji mota ta tsaya a bakin titi daga wajen Gwaram, hanyar ƙauyenmu, sai allin ya tsaya mini a kan allo don tsoron saƙon da ta kawo, yara su yi ta kallona, har sai na ji ta tashi ta wuce.