Sunana a Bakin Jagora

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda agogon motar yana saitin idona, ni kuwa idan kunya ta kama ni, abin da ke gabana nake ƙura wa ido.

Muna cikin ƙaramar bas a Kapadokiya, ƙasar Turkiyya, mu 'yan kaɗan: wasu ango da amarya 'yan Koriya, wani dattijo Bamisire da matarsa, wata Baturiya mai sandar hawan dutse, sai mu uku da muka taso daga Riyadh. Ni, Umma, da ƙawarta da suke aikin jinya a asibiti ɗaya a Shumaisi, wadda nake kira Anti tun ina rarrafe. Jagoranmu, wani saurayi mai fara'a da yawan surutu, ya juyo ya ce kafin mu isa kowa ya gabatar da na kusa da shi, don mu zama 'yan gida ɗaya kafin yamma.

Bamisiren ya ce wannan matarsa ce, kuma hasken idonsa. Aka tafa masa. Da aka zo kan Umma ta faɗi sunanta da Turancinta na asibiti, mai tsabta babu ado. Ta nuna Anti ta faɗi nata. Sannan ta ɗan karkata kai wajena, ba ta dube ni ba.

"Wannan kuma ɗaliba ce," in ji ta.

Jagoran ya jira. Ni ma na jira. Anti ta tuntsire da dariya ta ce da Hausa, "Ke dai Hajiya kin shiga uku da kunya. Har a ƙasar Turkawa? Wa ya san ki a nan?" Umma ta juya tana kallon taga. Jagoran ya wuce kan Baturiya. Da na buɗe baki na faɗi sunana da kaina, da shi ke nan. Amma ni ba mai buɗe baki ba ce. Daga nan ya riƙa kirana Ɗaliba.

Ni 'yar fari ce. A gidan su Umma uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. A gida abin yana zuwa da sauƙi, domin ana yaye yaro kaka take ɗauke shi, ita ce za ta yi ta kiran sunan har ya gundure shi. Ni a Riyadh aka haife ni, a wani bene a unguwar Malaz, babu kaka babu gwaggo. Umma ta raine ni da hannunta, ta kuma riƙe kunyarta yadda aka ba ta, ba ta rage komai ba. "Ke" nake. Idan da Abba take magana, "yarinyar nan." Ƙanina kuwa, autanta, sunansa ba ya barin bakinta, har da waƙa.

A makaranta nakan tsaya bakin ƙofa lokacin tashi in ga iyaye mata Larabawa suna ware hannu suna cewa habibti, ya galbi, masoyiyata, zuciyata. Umma takan iso da farar rigar aiki ƙarƙashin abaya, ta karɓi jakata, ta duba ko na cinye abincina, ta ce, "A wuce mu tafi." Na san al'ada ce. An yi mini bayani, na kuma karanta a littafi. Sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

A shekarar da muka yi tafiyar, Abba ya riga ya koma Kano da ƙanina. Kwantiragin Umma ma ya zo ƙarshe, wata mai zuwa za ta tattara ta bi su. Ni zan zauna a ɗakin kwanan ɗalibai in ƙarasa jami'a. Ni na shirya tafiyar daga farko har ƙarshe. A ɗakin karatu na ga hoton wurin, na yi watanni ina bincike, na zaɓi rukuni ƙarami saboda na san Umma ba ta son cunkoso. Na ce mata hutu ne kafin rabuwa. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, na yi tunanin idan na kai ta inda babu Bahaushe ko ɗaya da zai ji, inda babu wanda za ta ji wa kunya, za ta kira ni sau ɗaya kafin ta tafi. Sai ga shi ta ce ba za ta je ba sai da Anti.

Duwatsun sun fi hotonsu. Tsaye suke birjik cikin kwari, farare da ruwan ƙasa, kowanne da baƙar hula a kansa.

"Rumbuna!" in ji Anti tana buga cinya. "Wallahi rumbunan ƙauyenmu ne aka jera. Hajiya, a kan rumbu yarinyar nan ta hau da mu jirgi?"

Umma ta yi murmushi. Jagoran ya ce tokar aman wuta ce ta daskare, ruwa da iska suka sassaƙe ta. Dutsen da laushi, ya kankare shi da farce ya nuna mana. Shi ya sa mutanen can baya suka fafe cikinsa suka yi ɗakuna, da wurin dabbobi, da coci-coci. Duk na san wannan. Ina tafe a baya ina gyara masa shekarun a zuciyata.

A bakin cocin farko Umma ta tsaya. Na zaci za ta ce bai halatta ba, na ma tanadi amsa. Sai ta ce, "Ɗakin ibadar mutane ne, ga shi ana shiga da takalmi. A je, ni ina nan." Ta zauna a kan wani benci tana numfashi sama-sama. Na lura da numfashin. Na ɗauka hawan tudu ne. Anti ta leƙa ɗaya ta fito ta ce duhu ya yi yawa, ita lemon rumman za ta sha. Na ba ta jakata da wayata a ciki, tunda an hana ɗaukar hoto.

Ciki da sanyi, da warin ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba. An sassaƙa ginshiƙai da bakuna a jikin dutse ɗaya, ba a jingina komai da komai ba. Bango da rufi duk zane ne, ja da shuɗi mai duhu. Yawancin fuskokin an ƙwaƙule musu idanu tun da daɗewa. Jagoran yana haskawa da ƙaramar tocila yana ba da labari, mu kuma muna biye da shi daga wannan kogo zuwa wancan.

Bayan azahar muka shiga wani kwari mai nisa da hanya. A kogo na ƙarshe akwai matakala siririya zuwa wani ɗaki a sama. Babu wanda ya hau sai ni. A can, a wata kusurwa, na ga zanen uwa riƙe da jariri. Ita ma an cire mata idanu, amma ba a taɓa kumatunta ba, yana manne da na yaron. Hannun yaron ya zagaye wuyanta. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Da na farga babu muryar kowa a ƙasa.

Ɗakin yana da baki biyu. Na bi wanda na ga haske, na fito a bayan dutsen, inda ba mu bi ba. Ko'ina rumbunan nan ne, duk kamarsu ɗaya. Na gangara da sauri don in zagayo, ƙasar ta zame a ƙarƙashina kamar gari, na faɗi a kan ƙafata ta hagu. Da na yi ƙoƙarin tashi sai na ga wuta a idona. Na koma na zauna cikin wani lungu tsakanin duwatsu biyu.

Can na ji ta. Daga nesa, daga sama, muryar da zan gane ko cikin kasuwar Dira ranar Juma'a.

"Ke! Ke!"

Na amsa. Na ce, "Na'am, Umma, ga ni." Muryata ba ta taɓa cika ɗaki ba, balle kwari. Iska ta kwashe ta. Ta sake kira, "Ke!" sai duwatsun suka mayar mata. Na zauna riƙe da idon sawuna ina kuka. Ba ciwon ƙafar ne ya sa ni kuka ba. Cewa na yi a raina, 'yarta ta ɓace a ƙasar da ba ta san kowa ba, amma har yanzu kunyar ta fi ni nauyi.

Daga baya kiran ya tsaya. Sai na ji muryar namiji tana matsowa, jagoran ne, kuma ba Ɗaliba yake cewa ba. Sunana yake kira. Ya lanƙwasa shi, ya ja ƙarshensa yadda ba a ja, amma nawa ne. Na ɗauki tsakuwa na yi ta buga dutse har ya leƙo. Na ce a raina, Allah ya saka wa Anti da alheri, ita ta faɗa masa.

Shi da Bamisiren suka tallafo ni zuwa mota. Anti tana ta salati tana shafa kaina. Umma ba ta taso da gudu ba. Ta jira aka zaunar da ni, ta durƙusa, ta cire mini takalmi, ta danna nan ta danna can kamar yadda take yi wa kowane majinyaci.

"Ba karaya ba ce," ta gaya wa Anti. Ta warware ƙaramin mayafin da ke wuyanta ta ɗaure ƙafar tamau. Hannunta sanyi ƙalau. Kanta a sunkuye ta ce, "An ɓata wa mutane lokaci. A ba su haƙuri."

Na ba su haƙuri. A hanyar komawa amaryar nan ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, rana tana faɗuwa a kan duwatsun suna komawa ja. Jagoran ya ce kowa ya duba dama. Ni agogo na duba.

Mun dawo Riyadh na taya ta haɗa kaya ina ɗingishi. Muka je Dira ta sayi turaren wuta da dabino da sallaya na tsaraba. Na naɗe mata kofuna cikin tsofaffin jaridu, na rubuta abin da ke cikin kowane kwali. Ba mu yi maganar tafiyar ba ko sau ɗaya. Ina yi mata magana a taƙaice, ita ma haka, ban sani ba ko ta lura da bambanci. A filin jirgi ta gyara mini bakin abaya ta ce, "A kula da karatu. A riƙa cin abinci. Allah ya yi albarka." Ta juya ta bi layi.

Ba ta cika shekara a Kano ba. Zuciya ce. Ashe ta san da ciwon tun kafin tafiyarmu, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karanta sakamakon gwajinta da kanta ta ninke ta ajiye. Da safe Abba ya kira ni ina shirin shiga aji. Kafin la'asar an kai ta. Ban ga fuskarta ba.

Mayafin yana wurina. Ban mayar mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Na daɗe ban je gidan Anti ba, saboda falonta irin namu ne, har labulen tare suka saya. Sai wata Asabar bayan la'asar na hau mota zuwa Shumaisi. Na same ta ta dawo daga aiki, ta jiƙa ƙafafu a roba. Ta rame. Ta ce, "'Yar boko, sai yau? Na zaci littattafan sun cinye ki." Ta sa na dafa mana shayi da na'ana'a, ta yi ta ba ni labarin asibiti, wa ya tafi, wa aka sabunta wa iƙama, takardar zama. Ina ta juya cokali a kofi.

Na ce, "Anti, ban taɓa yi miki godiya ba."

"Ta me?"

"Ranar da na ɓace. Da ba ki faɗa wa mutumin nan sunana ba, da har dare ana kiran 'ke'."

Ta dube ni. Ta cire ƙafa ɗaya daga ruwan, ta mayar.

"Haka kika ɗauka duk tsawon lokacin nan?"

Tambayar da na zo da ita tun daga Malaz, tun daga bakin ƙofar makaranta, ita ta fito da kanta. Na ce, "Anti, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kin yi shekaru tare da Umma. Kin taɓa ji ta faɗi sunana? Ko sau ɗaya, ko ba na nan?"

Anti ta ajiye kofinta a ƙasa. Ta goge ido da bayan hannu.

"Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba. Wai kunya. Allah ya yafe mini, Hajiya, yau zan karya." Ta ja numfashi. "Yaron nan jagora ya zo ya ce mene ne sunanki, zai sauka ya nemo ki. Ni na buɗe baki, wallahi ban kai ga furtawa ba ta riga ni. Ta damƙi hannun rigarsa ta faɗa masa. Bai iya ba. Ta sake faɗa, ya sake karkatawa. Ta yi ta maimaita masa a hankali kamar mai biya wa yaro allo, numfashinta yana yankewa, hawaye har wuya. Da ya tafi ma ba ta daina ba. Tana zaune a kan dutse tana ta faɗa ita kaɗai, har sai da muka hango an taho da ke. Sannan ta share fuska ta yi shiru."