Kayan Haihuwar Ba-ruwanki

Duk wanda ya zauna a layinmu na Jikwoyi, bayan injin niƙa, ya san Maman Jacob. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta. Sunanta na gaskiya Christina. Ni kuwa Mashkura tela, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, katangar ma iyakarta ƙirjina, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin rijiya ba.

Shekara ashirin da takwas ta yi tana aiki a ɗakin haihuwa, tun daga wani asibiti a garinsu har aka dawo da ita nan Abuja. In ka ji haka sai ka ce nas ce. Ba nas ba ce. Ita ce mai bokiti. Ita ke dafa ruwa, ita ke wankin zannuwan gado, ita ake aika kiran likita. Takan ce jariran da aka haifa a kan idonta sun fi mutanen garin Karshi yawa, amma ko ɗaya ba a taɓa bari ta karɓa da hannunta ba. Da kan yaro ya leƙo sai sista ta daka mata tsawa, "Christina, matsa can!"

Wannan "matsa can" ɗin shi ne ciwonta. Ta yi ritaya da shi, ta zo Jikwoyi da shi. Duk mai cikin da ta wuce ta layinmu sai ta bi ta da ido kamar kaza ta ga tsaba. Su kuwa matan, da naƙuda ta taso sai a tare mota a yi asibiti da su, a bar ta tsaye a ƙofar gida.

Lokacin nan kowa gini yake yi, baƙi sun cika unguwa, sai ɗanta Jacob da ke zaune a Kuje ya kawo mata 'yar kwikwiya don gadi. Na leƙa ta katanga na ce, "Maman Jacob, me sunanta?"

Ta ce, "Ba-ruwanki."

Na ce, "Daga tambaya?"

Ta ce, "Sunan ke nan."

Tun daga ranar, da ta hango ɗankwalina a saman katanga sai ta tuna lokacin kiran karya ya yi. "Ba-ruwanki! Ba-ruwanki!" Ni ko a jikina. Leƙe ai ba haraji ake biya ba.

Da karyar ta girma, ni ce ma na fara lura cikinta ya tasa. Na ce, "Maman Jacob, 'yar taki tuwo ne ya karɓe ta, ko dai an yi ɓarna?" Ta kwantar da karyar, ta lallatsa cikin da yatsu biyu, ta ɗago. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya ji labarin abin kunya yana murmushi haka ba.

Ta ce, "Wannan karon babu mai ce min matsa can."

Washegari ta tafi Nyanya wurin likitan dabbobi, ya rubuta mata abin da za ta tanada. Ta dawo ta ce takardar ta yi gajarta, ta ƙara da nata na asibiti. Da bakinta ta karanta min: wuri mai ɗumi da za a kewaye, leda ta shimfiɗa, tsofaffin jaridu, tawul guda shida, safar hannu, auduga, ditol, sabuwar reza, zare, abin auna zafin jiki, sikeli, robar ruwan zafi don ɗumama 'ya'ya, madara da fida ko da nono ya ƙi zuwa.

Na ce, "Ni da na haifi mutane huɗu ban samu rabin wannan ba."

Ta ce, "Ai ba ni na karɓe ki ba."

Na ce, "To wa zai saya?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "A asibiti wa ake miƙa wa takarda? Miji!"

To, mijin dai kowa ya san shi. Wani jibgegen kare ne baƙi mai gadin wurin buga bulo na Alhaji Yamusa, mutumin Katsina, a ƙarshen layi. Ni da kaina na sha ganinsa yana tsallaka katangarta da rana tsaka, ko kunyar surukai babu. Ta ɗaura zani ta nufi can. Na kashe keken ɗinki na bi ta, don irin wannan ba a bari a ba ka labari.

Ta ce, "Ina kwana, suruki."

Alhaji Yamusa ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani take. Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya kai kan safar hannu, ya cire hula ya mayar.

"Subhanallahi! Madam, ni fa ba ni da kare. Gadi yake yi min, ni da shi aiki ne kawai."

"Wa ke ba shi abinci?"

"Ni."

"To ɗanka ne."

"Wa ya ce ma nasa ne? Karnuka nawa ne a Jikwoyi?"

Na ce, "Alhaji, ni shaida ce. In ana so in faɗi ranaku, sai in faɗa."

Ya ce, "Ke Mashkura, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Shi ya sa ba zan ɓoye shaida ba."

Ya ƙi. Ita kuwa ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko farar kujerar roba ta dasa a bakin wurin bulon. Duk wanda ya zo saye sai ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Ka yi ciniki da kyau, wurin surukina ne. 'Yata ce ke da ciki, muna jiran ya tausaya." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi ƙarin bayani ba. Kwana biyu direbobin tifa na yi wa Alhaji Allah ya raba lafiya. A na uku sai ga baro har biyu a ƙofar gidanta.

Gaskiya Alhaji da ya tashi yi, ya yi. Ya sa magininsa ya jera bulo layi biyu a barandarta, aka bar 'yar ƙofa yadda uwa za ta fita 'ya'ya ba za su iya ba. Ya kawo duk abin da ke takarda, har da sikelin da yake auna ƙusa. Sannan ga damin itace uku da ba a rubuta ba.

Ta ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "A garinmu ba a kai kayan haihuwa babu itacen wankan jego. In za a yi abin kunya a yi shi cikakke."

Na ce to ni na ɗauki nauyin kunun kanwa. Ta ce in kunun nan ya ƙetaro katanga, da ni da shi za ta watso waje.

Daga nan gida ya zama asibiti. Kowace Talata ranar awo ce. Ta sa na ɗinka mata farar riga da 'yar hula, ta ce in sa aljihu a ƙirji na biro. Safe da yamma tana auna zafin jikin karyar, ba kuma ta baki ba, don likita ya ce in zafin ya sauka to haihuwa ta kusa. Ba-ruwanki da ta ga an ɗauko abin awon sai ta zauna daram a kan wutsiyarta.

Ranar wata Alhamis bayan azahar na ji ana ƙwala min kira. Na leƙa. Ga ta cikin farar riga, safar hannu har wuyan hannu, ta jera reza da zare da auduga a faranti. Karyar na cikin ɗakin bulo tana haki tana yagar jaridu.

Ta ce, "Ki zagayo ki riƙe min faranti."

Na ce, "Ni da kare sai dai kallo. Daga nan ma ina gani."

Na fari ya fito cikin 'yar jakarsa. Maman Jacob ta miƙa hannu. Karyar ta ɗaga leɓe ta nuna mata haƙora, ta yi gurnani. Sannan ta yaga jakar da kanta, ta lashe ɗan tas, ta datse cibiya da haƙori, ta tura shi ga nono. Na biyu haka. Na uku haka. Maman Jacob na tsaye, hannaye a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, reza ko buɗe ta ba a yi ba.

Na ce, "Ashe ita ma ta yi makarantar nas."

Da na biyar ya fito aka sake yi wa Maman Jacob gurnani, sai ta ja baya ta zauna a kan damin itacen Alhaji. A hankali ta ce, "Har karya."

Na buɗe baki, na rufe. Abin da ba ya yawan faruwa ke nan.

Mun ɗauka an gama. Can bayan kusan awa ɗaya sai ga na shida, ɗan mitsitsi. Uwar ta gaji liƙis, ko juyowa ba ta yi ba. Yana cikin jakarsa, ba ya motsi.

Ban ga lokacin da Maman Jacob ta tashi ba. Ta sa hannu ta ɗauke shi, ta yaga jakar daga wajen fuska, ta juya kansa ƙasa.

"Ke! Auduga!"

"Ni?"

"Da wa nake? Ke kurma ce? Auduga da tawul!"

Yadda na tsallake katangar nan da zani, har yau ban sani ba. Ta share masa baki da hanci, ta naɗe shi a tawul, ta shiga murza bayansa da ƙarfi kamar mai wankin wuyan riga. Shiru.

"Zare! Ba wannan ba, wanda ke cikin ditol! Wace irin mata ce ke?"

Ta ɗaure cibiya, ta ce in ɓare reza. Na ɓare na miƙa mata. Ta yanke, ta koma murza. Tana murzawa tana yi masa faɗa da yarensu. Na tsaya a kanta ina leƙe, ta ture ni da gwiwar hannu.

"Kin tare min haske!"

Sai muka ji wani ɗan ƙara, kamar an taka ɓera. Ya sake yi. Ya buɗe ɗan bakinsa ja, ya shiga tsala kuka. Ta naɗe robar ruwan zafi da tawul ta kwantar da shi a kai har ya yi ɗumi, sannan ta kai shi ga nono da hannunta. Uwar ta shinshina safar, ta shinshina ɗan, ta mayar da kai ta kwanta.

Alhaji Yamusa, wanda ya ce ba shi da kare, ashe tun ɗazu yana bakin ƙofa. Ya ce, "Madam, lafiya dai? An sauka?"

Ta ce, "Shida. Uwa lafiya, 'ya'ya lafiya. Maza ba sa shigowa, ka dawo ƙarfe huɗu gobe."

Ya ce alhamdulillahi har sau biyu kafin ya tuna a kan me yake godiya.

Ta zame ta zauna a ƙasa, farar rigar ta ɓaci, hular ta karkace. Ta yi ta ƙoƙarin cire safar hannu, safar ta ƙi fita. Ni na ja mata.

Na ce, "Maman Jacob, yau kin zage ni zagin da uwata ba ta taɓa yi min ba."

Ta dube ni, hawaye na zuba, tana dariya.

"Mashkura, ashe tsoro ne. Duk ihun nan da su sista suke yi mana, ashe tsoro suke ji."

Na ce, "To yanzu tsoron ya wuce, sai ki ba ni haƙuri."

Ta ce, "A ina kika taɓa jin wadda ta karɓi haihuwa ta ba da haƙuri? Ɗauko min sikeli."