Minti Goma Sha Tara a Rumfar Sai-Na-Duba

Kafin rana ta ɗaga ya riga ya share rumfarsa, ya shimfiɗa tsohon kwali a ƙasa, ya ware fiyus-fiyus a gwangwanayen madara, ja daban, shuɗi daban. Gyaran wayar mota da esi, na'urar sanyaya cikin mota, shi ne aikinsa, shekara talatin da huɗu ke nan. Ka kawo masa mota ka ce, "Baba, ɗan ƙaramin abu ne," ko kai ba zai ɗago ba, zai ce, "Sai na duba." Da haka sunan ya bi shi, har jikokinsa ma da shi suke tsokanarsa. Masu gaggawa dai ba sa ƙaunarsa, sun sha yi masa tsaki su ja motarsu gaba.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, bayansa ya daina yarda ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari. Labaransa suna da yawa, amma akwai wanda mai facin tayar da ke maƙwabtaka da shi ya gani da idonsa, kuma har yau in yana ba da shi sai muryarsa ta canza.

Da tsakar rana ne, lokacin zafin da kwalta ke kama takalmi. Wata ƙaramar motar asibiti ta ci birki a bakin rumfar, direba ya diro jiƙe sharkaf da gumi.

"Baba, taimaka! Fankar esi ta mutu, muna da mara lafiya a baya."

Sai-Na-Duba ya leƙa. Wata mata ce kwance, mai ciwon zuciya, an rufe mata hanci da baki da robar numfashi, ga tukunyar oksijin a gefenta tana huci a hankali. Bayan motar ba tagar da ke buɗuwa, fanka ɗaya ce a gaba take tura sanyi har can. Nas ɗin da ke tare da ita tana yi mata fifita da fayil.

"Babban asibiti za mu kai ta, tafiyar awa biyu," in ji nas ɗin. "Iskar tukunyar nan ta awa biyu da rabi ce. A wannan zafin kuma ba za ta kai ba."

Sai-Na-Duba ya yi lissafi. Rabin awa ke nan a hannunsa, kuma duk mintin da ya ci, daga numfashin matar nan ya ciro shi.

Ya murɗa makunnin fankar daga ɗaya har huɗu, shiru. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro na fankar ya ɗaga shi sama: ya ƙone. Ya sa sabo. Direba na murɗa makulli sai suka ji ƙas, shi ma ya tafi.

"Baba, don Allah ka ɗaura masa zaren waya kawai, kamar yadda kowa ke yi. In mun dawo sai a gyara," in ji direba.

"Ɗana, fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. Akwai abin da yake tarewa. In na sa waya a gurbinsa, zafin nan cikin wayoyin motar zai bi, ga oksijin a bayanka. Kana so ka ga wuta a tsakiyar hanya da mutum kwance a ɗaure a gado?"

"To in ta mutu a nan fa?"

Tambayar da shi ma tsohon yake yi wa kansa ke nan.

Ya kwanta rigingine a ƙasan kujerar gaba, ƙafafu a waje, ya fara kwance akwatin ajiyar da ke gaban fasinja, don a bayansa fankar take. Kusa ɗaya ta kuɓuce masa ta shige ƙarƙashin kafet, ya bar ta. Gumi na shiga idonsa. Daga baya yana jin numfashin matar, ja ɗaya da ƙyar, sai shiru mai tsawo, sai wani. Duk shirun da ya yi tsawo sai ya tsaya cak har ya ji na gaba.

"Minti goma sha biyu, Baba," in ji nas.

"Na ji, 'yata. Bar ƙirga min."

Ya zaro fankar. Safar hannu ce ta roba, irin ta asibiti, ta nannaɗe fikafikanta tam har ta fara narkewa. Nas ta dafe ƙirji. Ita ce ke cusa safuna a akwatin nan don su zama kusa da hannu, ashe ɗaya ta zame ta baya fankar ta zuƙe ta.

"Na shiga uku, ni ce!"

"Kuka sai an isa. Riƙe min nan."

Ya yanke robar da reza, ya juya fankar da yatsa, ya kai ta hanci ya shinshina ko injinta ya riga ya ƙone. Akwai ɗan ƙauri. Ya mayar da ita, ya sa fiyus na uku da bisimilla a bakinsa. Direba ya murɗa makulli. Fankar ta yi tari, ta kama, iska mai sanyi ta bugi fuskarsa. Ko akwatin bai tsaya mayarwa ba, ya ce su tafi. Minti goma sha tara suka ci.

Kwana biyu bai ji labari ba, kuma tsoro ya hana shi tambaya. Abincin da matarsa ta aiko masa haka ya koma a rufe. Ya yi ta lissafi: da ya ɗaura wayar, minti ɗaya ya isa. In matar nan ta cika a ƙofar asibiti, wa zai ce ba taurin kansa ne ya kashe ta ba?

A rana ta uku direban ya tsaya. Sun isa allurar ma'aunin tukunyar oksijin tana kan ja, ya ce, amma sun isa. Tsohon ya zauna a kan kwalinsa ya rufe fuska da tsumman goge hannu, ya daɗe bai ɗago ba.

Baba, kai ne wanda aka roƙa da hawaye ya yi aikin ganganci ya ƙi, alhali tsoron da ke cikinka ya fi na mai roƙon. Kai ne mai tambayar dalili kafin ka canza kaya. Mun gode, Allah ya ba bayan nan naka lafiya. Ku kuma masu riƙe da sukudireba a yau, kafin ku ɗaura waya a inda fiyus ya ƙone, ku leƙa ku ga wanda ke kwance a bayan motar.

Matar tana gidanta yanzu, ta koma kan keken ɗinkinta. Ba ta san fuskarsa ba, don rufin mota take kallo a ranar. Abin da ta ce tana tunawa shi ne, ta riga ta fara kalmar shahada, sai ta ji sanyi ya sauka a goshinta.